Ranar da Na Kira Surukina Jaki

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban san da wa na fi fushi ba, da surukina ko da bakina.

A lokacin ina renon wata 'yar tsamiya a kasko. A waya na ga yadda mutanen Japan ke hana itace tsawo, ya tsufa bai wuce kamu biyu ba, suna ce masa bonsai. Na ce ni ma sai na yi. Na rage mata saiwa, na gauraya mata yashi da baƙar ƙasarmu ta Gadarif, na naɗe rassanta da wayar tagulla ina lanƙwasa su sannu a hankali. Shekaru na yi ina wannan wahala. Maƙwabta suna ce mini majnun, wato mahaukaci (ba su yi ƙarya sosai ba).

Ranar suna surukaina suka zo daga Mafaza, gida ya cika. Na fita kasuwa neman ƙanƙara. Ina dawowa na tarar da kaskona kaji suna shan ruwa a ciki. Tsamiyar kuwa ga ta can gindin katanga, an dasa ta a ƙasa, an warware wayar, an tula mata kashin shanu. Reshen da na fi shan wuya kafin ya lanƙwasa, an miƙar da shi an ɗaure da kara.

Idona ya rufe. Na jefar da ƙanƙarar, na ɗaga murya a gaban jama'a:

"Wane jaki ne ya taɓa mini itace? Ya fito in gan shi!"

Sai Alhaji Babikir, uban matata, ya ajiye kofin jabanarsa, wato gahawa, ya gyara rawani.

"Ni ne jakin, ya waladi, ɗana. Na ga ka ɗaure baiwar Allah da waya a kwanon cin tuwo, na ce bari in kwance ta."

Mai hankali sai ya durƙusa ya yi shiru. Ni kuwa, don in gyara, sai na ji bakina yana cewa, "Ai Baba, jaki dabba ce mai albarka."

Liman ya ƙware da shayi. Daga bayan labule matata Hajara ta ce, "Ubana? Khalas, shi ke nan!" Ba ta ƙara yi mini magana ba har ta yi arba'in. Sai da kawuna ya tasa ni a gaba har Mafaza, na tsuguna na ba da haƙuri ina kallon ƙasa.

Tsamiyar fa? Wa ya isa ya tone abin da suruki ya shuka? Yanzu ta wuce katanga, tana zubar mini da ganye a tsakar gida, ni ke sharewa ina huci. Alhaji in ya zo, a inuwarta yake sa a shimfiɗa masa tabarma, ya dube ni ya ce, "Ya ka ga aikin jaki?"

Tun daga ranar, duk abin da aka ɓata mini, sai na fara leƙa waɗanda ke zaune a gidan kafin in tambayi wanda ya yi.