Ranar da Na Kafa Doka a Shagunana

Duk wanda ya san ni a layin 'yan katifa na Funtuwa ya san ba a faɗa mini kuɗin abu in biya yadda aka faɗa. Ko likkafanin maigidana, Allah ya jiƙansa, sai da na sa aka koma aka nemo ragi. Jerin shaguna ya bar mini. Akwai 'yan haya a ciki, na ƙarshen kuma ni ce, ina sayar da zoɓo da kunun aya da ƙanƙara.

Bayan gobarar da ta cinye shagunan bayanmu, shugabannin kasuwa suka ce dole kowane mai gini ya sa wata 'yar na'ura kusa da mitarsa. Sallau mai gyaran wuta ya yi mini bayani: in wuta ta fara yoyo daga waya ko daga jikin wani inji, tana bin inda bai kamata ba, na'urar za ta ji, ta katse wutar ginin kafin wani abu ya kama. Na taya, ya ce albarka. Na sake tayawa ƙasa da na farko. Sai da ya rantse ba zai ƙara yi mini aiki ba, sannan ya ɗaura ta.

Tun daga ranar ba mu huta ba. Ana zaune sai ka ji ƙas, wuta ta ɗauke, alhali maƙwabta na da ita. Isuhu mai aski ya sha barin mutum da rabin kai. Ga shi azumi ya kama, lokacin da ƙanƙara ke ciniki. Na ɗaga makunnin na'urar, ya faɗo. Na ɗaga na tokare shi da muciya, sai ta katse ta ciki. Ban taɓa haɗuwa da abin da ya fi ni taurin kai ba sai ita.

Na aika aka kira Sallau. Na ce, "Don na matse ka a ciniki shi ne ka liƙa mini ta jabu?"

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, Hajiya, aikinta take yi. Akwai abin da ke yoyon wuta a ginin nan. Da ba ta nan, da yanzu wata maganar ake."

Ni kuwa na riga na san mai laifin. Mamuda tela yana da wani tsohon dutsen guga, wayarsa duk ɗaurin leda. Dama ina cike da shi, don ya taɓa ce wa zoɓona ruwan jar kala. Na tara 'yan haya a bakin shago, har masu wucewa suka tsaya. Na gyara mayafi na ce, "Yanzu za a gwada kayan kowa. Wanda aka samu nasa ne, shi da kayan yau za su bar mini gini. Ba roƙo, ba a turo mini liman."

Mamuda ya sauke murya. "Hajiya, in ma nawa ne, ki yi mini haƙuri zuwa ƙarshen wata. Ɗinkin sallar mutane ne jibge a hannuna."

Na ce, "Gobara ta san ƙarshen wata ne?"

Sallau ya zare kayan kowa daga bango, ya tayar da na'urar, ya shiga jonawa ɗaya bayan ɗaya. Injin askin Isuhu, lafiya. Tarin wayoyin mai caji, lafiya. Aka zo kan dutsen gugar Mamuda, na matso na riƙe ƙugu. Ya jona. Dutse ya yi zafi, fanka na ta juyawa.

Na ce, "Sake jonawa, bai shiga da kyau ba."

Ya sake. Ko motsi na'urar ba ta yi ba.

Sallau ya waiwaya ya ce, "Saura shago ɗaya."

Firizata marigayi ne ya saya tun ina amarya. Gaskiya takan ɗan ja mutum in ya taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, shi ya sa na naɗe mariƙinta da tsumma, kuma ba na buɗe ta sai da silifas a ƙafata. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ciwo ba. Na ɗauka hali ne, irin na mai ita.

Sallau ya jona. Ƙas.

Isuhu ya duƙufa yana goge almakashin da ba shi da datti.

Na ja Sallau gefe, na yi ƙasa da murya, duk da kowa na ji. "Ba a ɗan sassauta wa na'urar nan? Ta sa ido a kan 'yan haya, ta kawar da kai ga firizata."

"Ba ta san mai gida ba, Hajiya."

"To ka zagaya da wayar firizar ta bayanta."

"Wannan sai dai ki nemi wani. Ni ba da hannuna ba."

"Haba ɗan nan. Azumi fa ake, yanzu ne cinikin. A bar ta ta lallaɓa zuwa ƙarshen wata, in ya so sai a kai ta gyara."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Mamuda yana naɗe wayar dutsen gugarsa a hankali, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce:

"Mu dai mun ba ki har bayan salla, Hajiya. Saura ki je ki taya wa gobarar, mu ga ko ita ma za ta yi miki ragi."