Rijiyarmu Ta Koma Gidan Mai

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ko a coci ba na iya ɗaga murya, karatuna kuma a firamare ya tsaya. Amma ranar Litinin Baba Siman mai babur ya kurɓi kunun da nake sayarwa, ya ce, “Lea, wannan a baki ake zuba shi ko a tanki?” Da kunun nan nake ciyar da Mama.

Ruwan rijiyarmu ne sanadi. Da hanyar Abuja ta cika da gidajen mai, aka gina ɗaya a samanmu, a Gangaren Tudu. Tankinsa na ƙarƙashin ƙasa yana yoyo. Mai bai san iyakar fili ba. Ya ratsa yashi, damina ta turo shi gangare, ya kwanta a kan ruwanmu yana ƙyalli.

Muka sa alam, yadda muke wa ruwan rafi. Ruwa ya yi garau, wari yana nan. Muka yashe rijiyar, ya dawo.

Muka kai kuka. Allah ya ja zamanin Mai Girma Sarkin Yanka Kirtani, ranar Laraba sai ga shi da jerin motoci, da rumfa, da masu hoto. Tifa ta juye jar ƙasa inda wurin ya yi baƙi, aka daɓe, aka kafa allo wai an tsabtace. Aka yi tafi.

Na daure na miƙa masa ruwan a kofi. Ya shinshina, ya ce, “'Yata, ana kwana a layin mai, ke ya biyo ki har gida, kina kuka?”

Maƙwabciyarmu Inna Huraira ta ce, “Ranka ya daɗe, to a sa mana famfo mu riƙa sayar da lita.”

Da suka watse, Malam Boaz, tsohon malamin gona, ya ce an dai yi wa mai bargo. Sai an toshe tankin, a tono ƙasar, a gauraya da kashin kaji, a riƙa juyawa tana shan iska, ƙananan halittu su cinye shi. Na ce, “Malam, yaushe zan sha rijiyar?” Ya kalli sama.

Washegari na sayi ruwa wurin mai garuwa na dama kununa. Sannan na ɗauki fartanya da buhun kashin kaji, na fara tono a gindin allon. Kada in ci haƙƙin Mai Girma, allon nasa akwai inuwa.