Sunan Matata a Gaban Ƙattai

Ranar Lahadi na faɗi jarrabawa a kan matata. Matar da muka haura shekara ashirin tare a nan Sohag, 'ya'ya huɗu, babban har ya fara aske gemu.

Ummu Hazim 'yar Siriya ce, daga Hims. Duk sanda takardar zamanta ta kusa ƙarewa sai in je in tsaya mata, a buga tambari mu dawo. To bana an kawo sabon Basha, wato babban jami'in ofishin baƙi, Allah ya ƙara masa basira, ya gano cewa auren bogi ya yi yawa. Maganinsa shi ne a titsiye miji da tambayoyi, a ga ko ya san matarsa. Ni dai na yaba. Ofishin da fankarsa ta shekara ba ta juya ba, yau ga shi yana auna soyayya.

Muka shiga ni da ita, ƙofa a wangale, ƙattai sun cika baranda kowa ya miƙo wuya. Basha ya kurɓi shayi ya ce, "Wane abinci ta fi so?"

Na ce, "Abin da yara suka rage, ranka ya daɗe."

Ya rubuta. "Sunanta?"

"Jama'a."

Ai haka muke cewa. Ba a taɓa jin ɗan Sohag ya kama sunan iyalinsa a bainar maza ba. Jama'a suna gaisuwa, jama'a ba su ji daɗi ba, magana ta ƙare.

Ya ce, "Suna nake tambaya, Hajji."

"Ummu Hazim."

"Na yanka."

Na tura masa fasfo na ce, "Ga shi nan, Basha, karanta a zuci."

Ya ce yana gani, amma doka daga bakina take son ji. Na waiga baranda. Har da wani mai sayar da tumatir da muka taɓa yin cacar baki, ya kafe ni da ido yana jira. Wallahi gumi ya karyo min. Sai na sassauta murya, cikin ladabi, na ce, "To Basha, kai taka jama'ar, me sunansu?"

Tirƙashi! Mutumin nan ya miƙe har shayi ya zube. "Kai! Iyalina kake tambaya? Ba ka da kunya ne?"

Na ce, "Ai kunyar ce ta kawo mu nan, ranka ya daɗe."

Aka rubuta cewa miji bai san sunan matarsa ba, a sake bincike. Takardarta kuma ƙarshen wata take mutuwa. In ta mutu, sai dai a nuna wa Ummu Hazim hanyar Hims, inda unguwarsu ta zama kufai.

A hanya ita ta wuce gida, ni na tsaya shagon maƙwabcina Usta Ramzi wanzami, na zayyana masa. Ya yi dariya har ya kusa yanke wa wani kunne.

Ya ce, "Kai ma dai, Abu Hazim! Ɗan ƙanwata da ya yi auren takarda da wata Baturiya, sau biyu ya taɓa ganinta, amma ya haddace har sunan kyanwarta. Nan take ya ci jarrabawar."

Na ce, "Yo shi ai yana da lokacin bita. Mu masu auren gaske muna can layin burodi."

A gida sai da Ummu Hazim ta fara sauke tukunyar lalo. Sannan ta juyo tana goge hannu.

"Da gaske ka san shi kuwa?"

"Haba ke kuwa!"

"To faɗa. Nan ba ƙato ko ɗaya."

Na yi gyaran murya kamar mai shirin kiran salla. Na ce, "Maisun."

Sai ta ɗan waiga baya, kamar wata ake kira. Ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. Ta ce, "Tun rasuwar Mama ban ƙara jin sa a bakin mutum ba." Tausayi ya kama ni, na rasa inda zan sa idona. Ta ce, "In mun koma ka faɗa musu da ƙarfi, Abu Hazim, mai tumatir ma ya ji. Ba ni da sauran kowa a Hims."

Saboda haka kwanakin nan in kun wuce gidana kun ji famfo na zuba a banɗaki ana gunaguni, ba aljanu ba ne, ni ne nake bita. Zan faɗa, ba fashi. Roƙona ɗaya ga mai girma Basha: in na buɗe baki ya toshe kunnuwansa, tambarin kawai muke so.