Rasuwar Memsab, Libarbar Gidan Baba Zarghun

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska wadda nake ta fama da ita ta ƙi ba ni haɗin kai, ni Nawroz ɗan marigayi Gul Rahman, mai sayar da gwaba a tsohuwar kasuwar Kohat, a madadin yayana Samandar da mahaifiyarmu Adey da sauran zuri'ar Baba Zarghun, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar libarbar gidanmu, wadda kowa ya sani da suna Memsab, wato matar Bature. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis bayan azahar, a kan teburin wani masanin tsofaffin bindigogi a Peshawar, bayan gajeruwar jinya ta minti goma sha ɗaya. Ta shiga shagon tana Baturiya mai darajar rupi miliyan biyu. An fito da ita a naɗe cikin mayafina, 'yar gida, rupi dubu tara.

Yadda muka taso muka ji, an haifi marigayiyar a Ingila, a wani kamfani da ya daina ƙera irinta tun mahaifinmu bai yi gemu ba. Ta shigo gidanmu shekara tamanin da takwas da suka wuce, ranar da kakanmu Baba Zarghun ya tare wani kyaftin na Turawa a mashigar dutse, ya mare shi da hagu, ya karɓe ta da dama. Kyaftin ɗin ya kai sara da takobi, saran ya sauka a kan hancinta, tabon yana nan har yau. Duk shekara kyaftin yana ƙara tsawo. Lokacin da nake yaro kamu huɗu ne, bara a bikin 'yata sai da ya sunkuya kafin ya shiga labarin. Saboda wannan bajinta ce wani babban mai ƙasa ya ɗauki 'yarsa ya ba Baba, ita ce kakarmu.

Kowa ya shaidi Memsab da kyakkyawan hali. Ɗakunanta shida, ba ta taɓa kai kowa kabari ba. Ba ta da surutu, sai an yi haihuwa ko an ɗaura aure take ɗaga kai sama ta ce tau! sau ɗaya, ta koma ta yi shiru. Ɓarnar da aka sani ta yi a duk rayuwarta ita ce huda tankin ruwan maƙwabcinmu, kuma wannan laifin Samandar ne. Idan aka ɗana ta sai ta ce ƙas, a hankali, kamar dattijuwa ta gyara murya. Idan aka juya cikinta sai ta ce kirrr. Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk Juma'a kafin masallaci, nake sauke ta daga ƙusarta a zaure, in shafe ta da man keken ɗinki, in saurari wannan kirrr ɗin. Ina son ta, ba na jin kunyar faɗa.

Ciwon ajali ya fara ne da wani attajiri daga Lahore, mai tara tsofaffin bindigogi, wanda ya sha shayi a zaurenmu ya ɗaga ido ya gan ta. Ya ce irin wannan ta ƙare a duniya, in masani ya tabbatar ta asali ce zai ajiye miliyan biyu. Tun ran nan Samandar bai sake taka ƙasa ba. Ya je ya zaɓi motar kaya, shuɗiya, har ya yi magana da mai fentin da zai zana mata dawisu a baya.

Na ce, "Lala, gadon Baba ne fa." Haka muke kiran babban wa.

Ya ce, "Gadon Baba zai kai gwaba Rawalpindi? Kai, shekara talatin kana shafa wa ƙarfe mai, ko ƙwai ɗaya ya taɓa saka maka?"

Shi ne babba, maganarsa ce magana. Na kai ƙara wurin Adey, ta rufe baki da gefen mayafi tana wani irin tari. Muka ce tsufa ne.

Masanin da aka kai ta wurinsa shi ne Ustad Toryalai, dattijo mai ido ɗaya da rabi, haifaffen Darra, garin maƙeran bindiga. Ni na ɗauke ta da hannuna tun daga Kohat, kamar mai kai akuyar gida mahauta. Ustad ya shinshina bakinta. Ya juya cikinta kusa da kunnensa. Ya sa tabarau a kan tabarau ya karanta lambar da ke jikinta, 41773, sannan ya shafa tabon takobin kyaftin da babban yatsa.

Ya ce, "Samandar Khan, samu wuri ka zauna."

Lala ya ce, "A tsaye zan ji kuɗin, Ustad."

Sai dattijon ya jawo akwatin teburinsa, ya fito da libarba uku, ya jera su kusa da Memsab. Jama'a, kamar an tsaga kara! Lamba ɗaya, 41773. Hatimi ɗaya. Tabon takobi ɗaya, a kan hanci, daidai wuri ɗaya. Ko dai kyaftin ɗin nan sau huɗu aka mare shi, ko kuwa akwai magana.

Ustad ya ce, "Mu mutanen Darra in za mu kwafi abu, ba ma barin komai. Har lamba, har ƙwarzane. Ta asalin kwana shida ta yi a maƙerar mahaifina, kukun wani hafsa ne ya kawo ta gyara, shi ya yar da ita a kan dutse ta yi tabon nan. Wani saurayi cikin maƙeran ya aune ta ciki da waje. Shekara guda ya yi yana gugar ƙarfe, ya fitar da huɗu. Ya sayar da uku ya yi kayan aure, ya riƙe wadda ta fi kyau, ya ɓace daga Darra. Mahaifina har ya rasu yana cewa ba a sake yin hannu irin na Zarghun ba."

A nan ne ta cika. Lala ya nemi wuri ya zauna da kansa. Sau uku yana tambayar kuɗinta, sau uku ana ce masa dubu tara. Ni kuwa wani abu ya taso mini daga ciki, na cusa mayafi a baki na cije, kafaɗuna suna rawa, hawaye na zuba. Ustad ya dafa ni yana cewa, "Haƙuri, ɗana, haka duniya take." Allah ya saka masa, bai san abin nema ne ya samu ba.

Amma murna ta kusa komawa ciki, domin dattijon ya ƙara da cewa, "Ko da yake zan ba da dubu goma sha biyu, in haɗa ta da 'yan uwanta." Na san yayana, ko ƙusar da take rataye a kai aka taya zai sayar. Sai na ga ya miƙa hannu ya ɗauke ta, abin da rabonsa da yi tun ranar tankin ruwa. Ya juya ta, ya ƙura wa ƙananan ƙusoshinta ido, ya daɗe.

Ya ce, "Ba inji?"

Ustad ya ce, "Magagari da ido."

Lala ya dangwara mini ita a ƙirji. "Naɗe ta, sakarai. Kuma ka daina kukan nan, kana ba ni kunya a garin mutane."

Da muka kai wa Adey labarin rasuwa, ashe tarin nan ba tari ba ne. Ta yi dariya har sai da aka kawo mata ruwa. Ta ce, "Kyaftin! Baba Zarghun da ko kaza za a yanka sai ya tafi duba gona? Surukata ta gaya mini tun makon da aka kawo ni gidan nan. Ita ma tun farko ta gane, hannunsa duk kanta da baƙin ƙarfe. Ubanta ba zai ba maƙeri 'ya ba, shi ya sa ta kama bakinta. Ta ce wanda ya shekara yana gugar ƙarfe don ya same ta ya fi mata mai marin Bature."

Lala ya ce, "Adey, don me ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Kuma ina son in ga fuskarka."

Marigayiyar ta rasu ta bar 'yan uwa mata uku a akwatin tebur a Peshawar, da kube ɗaya da asu ya cinye rabinsa, da harsashi biyar waɗanda ba wanda ya san ra'ayinsu. Ta bar motar kaya shuɗiya a wurin dillali, ba dawisu. Ta bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne arba'in da uku, ciki har da ni da Samandar, waɗanda da ba don ita ba ko ɗaya ba a haifa ba.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ba za a yi wanka ba, ruwa tsatsa yake kawo mata. Mai za a shafa. Ba za a yi salla ba, ƙarfe ce, kada liman ya ji ya neme ni. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a mayar da ita makwancinta, wato ƙusar nan ta zaure, kuma Lala ya ce shi zai riƙe kwalbar mai. Za a karɓi gaisuwa kwana uku, akwai koren shayi da gurasa da gasasshen naman rago. Masu ganga da za ku tarar a ƙofar gida sun ce hanya ce kawai ta biyo da su. Wanda ya zo da niyyar tayi ya bar ta tare da takalminsa a waje. Wanda ya gan ni ina rawa ya yi mini uzuri, baƙin ciki kowa da yadda yake kama shi.

Bayan la'asar, Samandar, a matsayinsa na babba, zai ba yara labarin kyaftin tun daga farko, har marin hagu, har saran takobi. Adey ta yi umarni kada a rage wa Baturen nan ko taƙi ɗaya na tsawonsa. Ta ce shi ma aikin hannun Baba ne, kuma shekara tamanin da takwas yana aiki bai taɓa cijewa ba.