Aljanun Ƙasar Sin

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na cika ƙasar Sin da aljanu a gaban surukina ba. A lokacin ma bai zama surukin ba tukuna, kuma nan gizo ke saƙar.

Ina koyarwa a wata firamare a Roni, ina neman wata yarinya Rukayya a Kazaure. Mahaifinta, Alhaji Sale, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya koma sayar da sola da injinan ban ruwa 'yan Sin. Manyana sun je, ya ce a ba shi lokaci ya duba hankalin yaron. Wato aurena kacokan yana rataye a kan hankalina (abin da ko ni ban cika yarda da shi ba).

Ranar wata Asabar muka haɗu a walimar wani abokina. Dattawa na zaune a rumfa ana jiran abinci. Na je na durƙusa na gaida Alhaji. Kowa ya san abin da mai neman aure ke yi bayan nan: ya sunkuyar da kai ya sulale. To amma sai na ji musu ya kaure. Wani amininsa, Malam Idi, na cewa tattalin arzikin Sin ya kusa durƙushewa, gara Alhaji ya nemi wata sana'ar tun da wuri. Alhaji kuwa ya dage cewa ƙasar da gwamnati ke riƙe da linzamin komai ba ta faɗuwa haka kawai.

Jama'a, abin nema ya samu! Kwana biyu kafin nan na kalli wani bidiyon Turanci a kan wannan magana daidai. Na ce a raina, yau Alhaji zai san 'yarsa ta yi dace. Na gyara durƙuso na nemi izini.

Wallahi da farko na burge. Na ce in mutum ɗaya ke yanke wa kowa abin da zai shuka, ranar da ya yi kuskure gari duka ne zai kwana da yunwa. Na ce an gina gidaje fiye da masu saye, matasa sun gama karatu babu aiki, tsofaffi na ƙaruwa. Malam Idi na ta gyaɗa kai yana cewa a saurari malamin makaranta. Har Alhaji ya ajiye carbinsa yana kallona. Da na tsaya nan, da na tashi da mutuncina. Ina! Kai ya riga ya kumbura.

Na ɗaga murya na ce ai babbar alamar ma ita ce yanzu haka akwai manyan garuruwa a Sin da aljanu suka cinye. Benaye rututu, tituna fes, amma babu ɗan Adam ko ɗaya, mutanen ɓoye sun kore su. (Har na ƙara da cewa ana jin motsinsu a saman bene. Wannan kam ba ya cikin bidiyon, daga aljihuna na ciro.) Wani tsoho ya yi a'uziyya. 

Alhaji ya tambaye ni a hankali inda na ji haka, na ce a bidiyon wani Bature, sai ya tambayi yadda Baturen ya kira garuruwan. Na ce da ƙarfina, gos siti.

"To ɗana," in ji shi, "shekara talatin na yi ina aikin gwamnati. Su gos woka da muke ta tantancewa, ma'aikatan bogin nan, su ma aljanu ne ke zuwa karɓar albashin?"

Wayyo Allah! Nan take na gane ni ne na fassara gos da aljani. Garuruwa ne kawai da aka gina ba a tare a ciki ba. Malam Idi ya yi dariya har hularsa ta faɗi, yana cewa shi dai ya janye shaidarsa. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na miƙe zan gudu, na saka takalmin wani, sai da aka kira ni na dawo na cire.

Kafin na isa Roni labari ya riga ni. Rukayya ta turo saƙo wai ya mutanen ɓoye. Sati biyu ban taka Kazaure ba, na riga na haƙura da auren.

Sai ga kawuna da albishir. Alhaji ya ce ya ba ni, wai yaron da zai iya musu da shi ido da ido ba zai ha'ince shi ba, kuma rabin maganata gaskiya ce. Sauran rabin ya ce zai yi maganinsa. Ranar da aka kawo gara, a tsakanin buhun shinkafa da jarkar mai, sai ga ƙamus na Turanci da Hausa sabo dal.

Har yau Sin na nan a tsaye, Alhaji na sayar da solarsa, ni kuma Sarkin Aljanu ake kirana a gidan surukai. Darasin da na koya shi ne, in ka gaida suruki ka tashi. In kuma dole sai ka yi magana, ka fara buɗe ƙamus.