Rasuwar Ɗan Gobe, Mai Ban Ruwan Garkar Mourtala

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tiyo wanda babu ko ɗigo a cikinsa, iyalan Malam Mourtala mai albasa, na bakin ƙoramar Telwa a nan Agadez, suna sanar da ƴan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan labari, rasuwar akwatinsu na ban ruwa wanda aka fi sani da Ɗan Gobe. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan sandarsa, fuskarsa na kallon inda rezon waya ya fi kamawa, bayan wata jinya da shi kansa bai taɓa yarda yana yi ba.

An haifi marigayin a Yamai, a wani ɗaki mai sanyi, a hannun irin kamfanin nan da ake ce wa sitatap, wato kamfanin da bai gama fara aiki ba amma ya gama yin suna. Uban kamfanin, wani saurayi mai suna Lukman, shi ya kawo shi Agadez da kansa. Aka kafa rumfa, aka tara masu garka, aka raba lemo. Lukman ya hau tebur da farin takalminsa wanda bai taɓa taka fangalin albasa ba, ya shiga ba mutane labarin abin da bai faru ba tukuna, kamar jiya ya dawo daga can.

Ya ce nan da ƴan shekaru babu manomin da zai sake jiƙa ƙafarsa. Ya ce albasa za ta sayar da kanta a Abijan tun tana cikin ƙasa, jirage marasa direba su zo su kwashe ta, manyan motocin kamiyo da gargadar hanyar Tawa su zama labari. Ya ce jikokinmu za su tambaya mene ne guga, a rasa mai ba su amsa. Shanun jan ruwa kuwa, ya ce wurinsu gidan tarihi, a ɗaure su kusa da takubban da. Har ruwan sama bai bari ba, ya ce ana nan ana aiki a kansa. Duk wannan bai ce in Allah ya yarda ko sau ɗaya ba, kuma don ladabi irin namu babu wanda ya tuna masa.

Malam Mourtala yana sahun gaba. A nan ya kamata a yi masa adalci, don ba wawa ba ne. Tun yana ɗan mitsitsi yake bin bayan bijimi mai jan ruwa daga bakin rijiya zuwa ƙarshen igiya, ya juyo, ya koma, har bayansa ya koyi ciwo kafin gemunsa ya fito. Mutumin da ya yi wannan rayuwa aka ce masa ga akwatin da zai ɗanɗana ƙasa, ya san ƙishinta, ya tada famfo da kansa alhali mai garka yana kwance a inuwa, wa zai ga laifinsa in ya miƙa hannu? Ya miƙa, har da rawar jiki.

Sai dai marigayin ya zo da sharuɗɗa, kamar kowane babban baƙo. Aka zura famfonsa cikin rijiya, aka rufe bakinta da siminti da ƙarfe, don buɗaɗɗiyar rijiya abin zamanin da ne. Itacen da ke riƙe da guga aka sauke shi, Malama Souwaiba, uwargidan Mourtala, ta dafa tuwo da shi. Sannan aka zo kan sharaɗi mafi girma.

Garkar nan gado ce. Mahaifinsu ya raba ta tsakanin Mourtala da wansa Bahago, kowa da rijiyarsa, sa ɗaya mai suna Jatau yana ja musu ruwa bi da bi. Tsakanin garake biyun tsohon ya bar wata ƴar hanyar ruwa, don in rijiyar ɗaya ta gaza, ta ɗan uwansa ta shayar da shi. To, Lukman ya ga hanyar nan ya girgiza kai. Ya ce ruwan da ba a auna ba zai rikita wa na'ura tunani. A ranar Mourtala ya toshe ta da duwatsu da laka, ya bi da ƙafa ya daddanne. Ya ce ya bar wa Bahago rabonsa na Jatau, ba ya bukata.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma da yamma a fada, ana shan shayi, mutane cike da tabarma, ya ce idan motar gidan tarihi ta zo ɗaukar Jatau, to ta haɗa da mai shi, igiya ɗaya ta ishe su. Aka yi dariya. Daga ranar ya ajiye kalmar Yaya, ya koma kiran wansa Tsohon Zamani. Bahago ya miƙe. Ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya sa takalmi ya tafi, kuma ƙafarsa ba ta sake taka garkar ƙanensa ba.

Yanzu ga halayen mamacin, don ba a rufe bawa ba a faɗi alherinsa ba. Ɗan Gobe mai gaisuwa ne. Kowace safiya sai ya yi “tilin-tilin,” sannan wata murya ta mace, mai Hausar da aka koya a jirgi, ta ce, “Bonjour, manomin gobe.” Kaf zuriyarsu babu wanda aka taɓa yi wa wannan kirari, shi ya sa Mourtala kan amsa da hula a hannu. Mai tsafta ne, bai taɓa taɓa laka ba. Mai haƙuri ne, tsuntsaye sun yi masa abin da suka ga dama a ka, bai ce uffan ba. Mai biyayya ne ƙwarai: bai taɓa sakin ruwa ba sai ya nemi izini daga babbar na'urar kamfani da ke Yamai. Ko albasa na ihu, sai Yamai ta ce to.

Kuma a faɗi gaskiya, shekarar farko ya yi aiki. Ruwa ya gudu, albasa ta yi kai, Mourtala ya yi ƙiba. Ya sayi tabarau. Ya koyi cewa “données” da “application,” yana jefa su cikin hira ko ana maganar awaki. Baƙi daga proje-projen raya karkara suka riƙa zuwa ɗaukar hotonsa yana nuna akwatin da ɗan yatsa, can bayan hoton kuma, in ka lura, ga Bahago da Jatau suna kai da kawowa a bakin rijiyarsu. Mourtala ya taɓa roƙon mai hoto ya gyara tsayuwa don kada tarihi ya shigo ciki.

Ciwon ajali ya fara a hankali, lokacin da albasar bana ta fara ɗaura kai, wato daidai lokacin da ba ta yafe ƙishi. Wata safiya aka ji “tilin-tilin,” aka ji gaisuwa, amma ba a ji famfo ba. Sai muryar ta ce, “Garka ta ƙoshi. Ka huta.” Mourtala ya huta. Washegari ma haka. Malama Souwaiba ta zo ta tura yatsa cikin fangali, ta zaro shi a bushe, ta nuna masa. Ya ce mata yatsa ba kimiyya ba ce. Ƙasa ta fara tsagewa, ganyen albasa ya sunkuya, bakinsa ya yi ruwan ɗorawa, marigayin kuwa bai fasa ba: “Garka ta ƙoshi. Ka huta.” Kai, ba a taɓa ganin majinyaci mai kwantar wa mutane hankali irinsa ba.

Da abin ya ƙi, aka shiga neman magani. Aka goge masa pano, wato farantinsa na hasken rana, aka canza masa batiri, aka ɗaga sandarsa sama har sai da aka ƙara mata gora. Aka kira lambar kamfani, wata murya ta ce lambar ba ta aiki, kuma wallahi kamar ƙanwar muryar akwatin ce. Aka ɗauko mai gyaran waya daga kasuwa, ya buɗe cikinsa, ya leƙa, ya ce lafiyarsa ƙalau, ba abin da ya ƙone, uwarsa ta Yamai ce kawai ta daina amsa masa. Ya gwada haɗa famfon kai tsaye, famfo ya ce bai san wannan magana ba, shi daga akwati kaɗai yake karɓar umarni. Aka kira magini ya duba simintin bakin rijiya. Ya ce zai fasu, amma a hankali, in ba haka ba rijiyar ta rufta, kuma kafin ya gama a sake kafa itace a nemo sa, albasa ta riga ta zama ciyawa.

A kwanakinsa na ƙarshe marigayin ya manta Hausa. Ba ya gaisuwa, ba ya cewa a huta, sai dai “Veuillez patienter, veuillez patienter,” wato a ɗan jira. Aka jira. Ranar Talata ya yi “tilin” guda, bai cika na biyun ba, ƴar fitilarsa ta mutu.

Iyalai suna godiya ga Malam Lukman bisa ta'aziyyar da bai aiko ba. An dai gan shi a waya, a wani babban taro a ƙasar waje, da sabon farin takalmi, yana bayyana cewa kamfaninsa ya sauya alƙibla. Ya ce noma a cikin ƙasa ya zama tsohon yayi. Nan da ƴan shekaru, in ji shi, za a riƙa shuka albasa a iska, cikin gidajen gilashi, basirar na'ura na kula da ita, kuma babu wanda zai sake jin yunwa a Sahel. Aka yi masa tafi a tsaye. Mourtala ya kalli bidiyon har ƙarshe a tsugune cikin fangalinsa, ko za a ambaci Agadez. An ambace ta kuwa, a matsayin babbar nasara.

Marigayin ya rasu ya bar pano ɗaya mai ƙoshin lafiya, wanda yanzu ake shanya tumatir a kai. Ya bar famfo a kulle cikin rijiya, da rai amma ba ya magana da kowa. Ya bar tiyo mai tsawo da kunamu suka tare a ciki, da ƴan ƙusoshin ɗanɗana ƙasa da har yanzu suke tsaye suna jiran a tambaye su. Ya bar application a wayar Mourtala, tana ta juya ɗan zobenta. Ya bar ƴan uwa da dama a garaken Dabaga da kewaye, waɗanda muka ji su ma duk ranar suka cika, abin ka da zuriya mai haɗin kai.

Ya kuma bar marayu, su ne abin tausayi: albasar bana gaba ɗaya. Ita ce hatsin gidan Mourtala na shekara, ita ce suturar yara, babu wata bayanta. Malama Souwaiba tana ta jigilar ruwa a bido, wato jarka, kan jaki tun daga gari, tana ɗiga musu a baki, amma bido nawa zai shayar da garka? Waɗanda suka san albasa sun ce in ta sha sosai kafin Juma'a za ta tashi. In ta wuce haka, sai a haɗa ta'aziyyar biyu. Mourtala ba ya cin abinci. Tsoro yake ji, kuma kunya ta fi tsoron yawa, don daga inda yake tsugune yana jin kukan igiyar Jatau da ƙarar ruwa na zuba a garkar da ke maƙwabtaka da shi.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ba za a yi wanka ba, saboda dalilin da kowa ya sani. Ba za a yi salla ba, liman ya ce a raba shi da shirme. Ba a bukatar jawabi, marigayin ya sha jawabi tun yana raye. Mai tabarau ya bar shi a gida, mai gidan ma ya cire nasa.

Za a rufe shi gobe Alhamis da sassafe, daidai lokacin da Jatau ke kan aiki, ruwa na gudu. Malam Mourtala da kansa ya zaɓi makwancin: kan iyakar garake biyu, daidai wurin nan da aka toshe da duwatsu da laka. Ya ce ƙasar wurin ta yi tauri, shi ya danne ta, kuma hannunsa ba zai iya ɗaga fartanya a kanta ba. Bisa al'ada, babba a gida shi ke fara sara. Don haka ana jiran mutum ɗaya, in bai zo ba ba za a taɓa wurin ba. Idan kuma garin haƙa fartanya ta zarce, duwatsun suka kauce, ruwa ya biyo tsohuwar hanyarsa, iyalan mamaci ba za su yi ƙorafi ba, kuma babu sauran na'urar da tunaninta zai rikice.

Da aka zo rubuta sunan wanda ake jiran, an tambayi Mourtala yadda za a sa. Ya dubi albasarsa. Sannan ya ce a rubuta Yaya. Aka ce ko a ƙara Bahago, don mutane su gane? Ya ce a'a, a bar shi haka, mai sunan zai gane.

Yaya, gobe da sassafe. Fartanya tana jingine a kan iyaka.