Rasuwar Tukunyar Inna a Hannun Kawu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba zan ɓoye ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar babbar tukunyar alminiyam ta mahaifiyata, wadda ta girme ni a gidanmu.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta dafa mana ruwan wanka muna yara, ta ciyar da baƙi, ba ta taɓa ƙin hawa wuta ba. Iyakar maganarta ɗan ƙwal-ƙwal ɗin murfi idan ruwa ya tafasa.

Ba jinya ta yi ba, kashe ta aka yi. Shinkafa ce ta kama a gindinta, abin da jiƙo da soson ƙarfe za su fitar. Sai Kawu, ƙanen Inna, masanin komai, ya zo da sodar da ake buɗe magudanar ruwa da ita. Na nuna masa gargaɗin da ke jikin gwangwanin cewa tana cin alminiyam. Ya ce, "Ɗan boko, tun ba a haife ka ba nake wanke-wanke." Ya zazzaga, babu safar hannu, taga a rufe. Marigayiyar ta yi tsuuu, ta yi kumfa, ta yi baƙi, gindinta ya huje. Inna, mai fama da asma, ta wuni tana tari.

Ta rasu ta bar murfinta, da ludayi, da 'yan uwa masu cewa tsautsayi ne. Tsautsayin ni na gan shi da idona, sanye da silifas, riƙe da gwangwani.

Kawu bai yi nadama ba. Ya ce ranar Asabar zai haɗa bilic, sinadarin nan na cire dauɗar fararen kaya, da ruwan batir ya wanke banɗakin Inna, wai haɗi ya fi ƙarfi. Hayaƙin wannan haɗin yana iya kashe mutum, kuma ƙofar banɗakin a cikin ɗakinta take.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a wurin mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa na bakin titi. Kafin nan na kulle duk kwalaben a sito, makullin yana aljihuna. Wanda ke ganin na yi wa Kawu rashin kunya, ya zo ya faɗa min a wurin gaisuwa. Tukunya zan iya sayen wata.